Fina-finan Rahima da Kabarin Malam

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Uwale ta zo da safe, Gambo ta zo da yamma, kowa tambayarta ɗaya: "Dije, ya Madinar?" Duk wadda na ba labari kuma sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai bakin rijiya, har na ji wai na koyo yaren Sin. To ga Talatu 'yar ƙanwata ta zo hutu, na zaunar da ita, ina faɗa tana rubutawa, tunda ni ko alif ban sani ba. In an karanta muku kun ji magana ta yi tsalle, kuka ne ya tare ni a wurin, ba laifin yarinya ba ne.

Kun san abin da ya kai ni. Hamisu, ɗana na biyar, wanda ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Madina, ya aiko wa mahaifinsa ya je Umra. Aka ce Malam ya fara zuwa, ni na bi baya wata shekarar. Ya tafi da ƙafarsa, yana yi mini tsiya wai kada na sayar masa da komarsa ta kamun kifi kafin ya dawo. Zazzaɓi ya kama shi a can, Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a Baƙi'a. Ban ga gawarsa ba, ban ga makara ba. Da labari ya iso Haɗeja, gidan ya cika, amma abin da na riƙa ji shi ne, "Barka, Dije! Mijinki ya yi dace, ya zama maƙwabcin Manzo." Na san gaskiya ne, kuma ina gode wa Allah. Sai dai da hawaye ya zubo mini, wata daga cikinku, ba zan faɗi suna ba amma tana da wushirya, ta dafa ni ta ce, "Kul! Kuka a kan wanda ke Baƙi'a? Ai butulci ne." Na haɗiye. Na yi takabata kaf da wannan kuka a maƙoshi kamar ƙayar tarwaɗa. Don haka da Hamisu ya ce na zo, na ƙulla a raina: zan je na tsaya a kan kabarin mutumin nan, inda ba wanda ya san ni, na yi kukana na gama.

Daga Haɗeja zuwa Kano a mota na tafi, da ƙunshin bandar kifi da daddawa da kuka a kan cinya. Direban ya yi ta leƙo ni ta madubi yana cewa, "Iya, in an tsare mu a hanya, kifin nan ne zai fanshe mu." Na ce masa ya tuƙa motarsa, kifin da ya fi ƙarfin ubansa ne. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta buɗe jakata, ta ja baya tana toshe hanci, ta sa aka naɗe ƙunshin da leda har ya koma kamar jaririn goye. Sai ga wani tsani mai tafiya da kansa. Na sa ƙafar dama da bismilla, ta tafi ta bar ta hagu a ƙasa. Ba don wani bawan Allah mai ƙaton ciki da ke bayana ba, da a nan tafiyar ta ƙare.

A cikin jirgi aka zaunar da ni kusa da wata mata 'yar Damagaram, 'yar kasuwa, wadda ta ce ta yi hanyar har ta daina ƙirga. Ita ta ɗaure mini ɗamara, ita ta buɗe mini abincin da aka kawo cikin ɗan akwati, loma uku da cokalin roba. Da jirgin ya fara girgiza na kama hannunta ina salati da ƙarfi. Ta ce, "Haba Iya, gargada ce kawai." Na ce, "'Yar nan, gargada a sama? Wa ya haƙa ramin?"

Da muka sauka sai layin duba fasfo. Wani saurayi mai kaki ya nuna mini wani gilashi na ɗora yatsu. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Ya goge, na sake, ta ƙi. Ya juya tafin hannuna yana kallo, ga lalle baƙi wuluk, ga yatsun da suka shekara da shekaru suna ɓare kifi da juya shi a kan wuta, duk zanen ya goge. Ya kira abokinsa, suka shafa mini wani mai, suka danna yatsun kamar masu tatsar akuya. Da ƙyar na'urar ta yarda cewa ni mutum ce. Saurayin ya yi dariya ya ce, "Yalla, ya Hajja," wato na yi gaba. Wannan ce kalmar Larabci ta farko da na koya a ƙasar, kuma har na baro ba a daina faɗa mini ita ba.

Hamisu na jira a waje. Ya rame, ya yi furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma na kau da kai, don tsayuwarsa sak ta ubansa.

Gidansu a unguwar Ƙuba yake, a bene hawa na uku. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda za ki shanya ko barkono. Kowa ya shiga ya ja ƙofa, sai ki wuni ba ki ji sallamar kowa ba. Sanyin na'ura kuwa, ɗan da ke gyara ta ai ba zai bar ta gidansa ta huta ba; da bargo nake wuni alhali a waje rana na iya gasa ƙwai. Matarsa Asiya Bahaushiyar Sudan ce, mutuniyar kirki, sai dai Hausarta rabi Larabci ce. Za ta ce, "Inna, ki ci fuɗur, ba kwayyis ba ne ki zauna haka." Wato na karya kumallo, zama da yunwa ba kyau. Jikokina kuwa ina yi musu Hausa suna ji sarai, su mayar mini da Larabci, kamar na jefa guga rijiya ya fito da yashi. Da safe wake ne dakakke da mai, da wani burodi mai faɗin faifai. Da rana shinkafa da kaza, da yamma kaza da shinkafa. Ban raina ba, amma cikina ya yi ta tambayar ina tuwo.

Washegari Hamisu ya kai ni masallacin Manzo. Wannan ba zan iya kwatanta muku ba, sai wadda Allah ya kai. Da muka fito na ce, "To, kai ni wurin babanka." Ya shige gaba. Muka zaga har bakin doguwar katangar Baƙi'a, maza na ta shiga ta wata ƙofa. Na bi su. Wani mai gadi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce wani abu. Hamisu ya ce, "Inna, mata ba sa shiga."

"Ka faɗa masa mijina ne a ciki."

"Ya sani, Inna. Kowa da nasa a ciki."

Ya ja ni zuwa inda katangar ke da tagogin ƙarfe. Na leƙa. Fili ne iya ganinki, ƙasa ja-ja, da 'yan duwatsu a jere, ba suna, ba alama, tantabaru na ta yawo a kai. Na ce, "Wanne ne?" Ya miƙa hannu dama, ya dawo da shi hagu, sannan ya sauke. Ya ce, "Wallahi Inna na ɓace. Ranar nan gawa da yawa aka shigo da su tare, idona kuma bai ga komai ba. Na sha dawowa ina nema." Ga mutane na ture mu, ga wata mata na ce mini yalla. Na yi addu'ar da na iya. Hawaye ko ɗigo bai zo ba. Na ce a raina, Dije, kin haye sama kin sauko, kin tashi a tutar babu.

Na koma gida na kwanta, kwana da kwanaki ba na son magana. Ranar da na gaji da kwanciya na kwance ƙunshina na ɗora miyar kuka da banda da daddawa. Asiya ta yi ta buɗe tagogi tana cewa, "Inna, jiran za su kira mana 'yan kwana-kwana." Maƙwabta take nufi. Ba ta rufe baki ba sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Ta dube ni, na dube ta. Ta buɗe, sai ga wata 'yar mitsitsiyar mata fara, mai ƙananan idanu, da hijabi har gwiwa, tana shinshina iska kamar kyanwa. Ta yi sallama, ta wuce mu kai tsaye zuwa tukunya, ta lumshe ido. Ta fita da gudu ta dawo da wata kwalba ta buɗe mini a hanci. Jama'a, daddawa yarinya ce. Ruwan kifi ne da aka tsima, da shi suke miya a garinsu.

Asiya ce ta yi mana tafinta da ɗan Larabcin da matar ke ji. Sunanta Rahima, ƙofarsu na kallon tamu, mijinta ɗalibi ne. Na ce 'yar Sin ce? Ta girgiza kai da ƙarfi ta ce Biyetnam. Na ce da Musulmi a can? Ta ce akwai su, 'yan kaɗan, a bakin wani babban kogi, kuma ubanta masunci ne. Na ce a faɗa mata ta zo gida.

Daga ranar, in maza sun fita, Asiya ta shiga aikinta, sai Rahima ta shigo mu zauna a ƙasa. Ba na jin nata, ba ta jin nawa. Sai ta jingina wayarta da filas ɗin shayi ta kunna mana fina-finan ƙasarsu. Gajeru ne, kafin shayi ya huce an gama ɗaya. Kuma ba irin waɗanda jikokinku ke kallo ba ne, ba mai kuɗi, ba mota mai sheƙi, ba a rawa a gindin bishiya. Talakawa ne irina da ku. Wata tsohuwa mai malafa da ke saɓa sanda a kafaɗa, tukunya gaba tukunya baya, tana tallar taliya cikin romo. Wani ɗan acaɓa da ya ɗauko agwagi sun fi kwando goma, ɗaya ta kuɓuce, ya bi ta har cikin gidan matar da ya taɓa nema. Wani uba da ɗansa ya koma birni, shi kuma kullum sai ya ɗora shinkafar mutum biyu.

Abin da ya kama ni shi ne ƙasar. Fadama, shinkafa kore shar, kwale-kwale, mata sun naɗe zane suna dashe. In ba don fuskokin ba sai na rantse bayan garinmu ne da damina. Tunda ba na jin abin da suke faɗa, sai na raɗa musu sunaye na riƙa ba su magana. Mai taliya ta zama Tabawa, ɗan acaɓa ya zama Ɗan Asabe. Ina cewa, "Tabawa, ki ƙara masa romo mana, rowar me?" Rahima na dariya har da riƙe ciki alhali ba ta san me na ce ba. Wani fim ɗin an nuna saurayi yana jefa birgin kamun kifi a ruwa, na ce, "Wannan ɗan wasa ne, bai taɓa kama ko ƙwaɗo ba. Dubi yadda ya riƙe igiya." Na tashi na gwada mata da ɗankwalina yadda Malam ke yi, ya karkace kafaɗa ya saki, birgin ya buɗe kamar lema. Ta tafa, ta nuna ƙirjinta ta ce wata kalma, na gane ubanta take nufi, shi ma haka yake jefawa.

Wata rana ta shigo ba fara'a kamar kullum. Ta kunna wani da alama ta sha kallonsa. Aka buɗe da gida cike da mutane, an kafa rumfa, tebura maƙil da abinci, ga masu ƙaho da masu ganga na ta busa da kiɗa. Kowa ya sha fararen kaya, har da farin ƙyalle ɗaure a goshi. Na gyara zama na ce, "Yau biki ne, anko ma suka yi." Baƙi na shigowa suna miƙa ambulan, na ce ga gudunmawa. Aka nuna hoton wani dattijo an kewaye shi da furanni ana ta turare, na ce, "Angon ya kwana biyu, amma namiji ba ya tsufa." Sai ga wasu mata biyu sun riƙo wata ta kowane gefe, an lulluɓe ta da farin mayafi, tana turjewa tana kuka. Na ce, "Ga amarya! Yi haƙuri 'yar nan, kowa da haka ta tafi." Bayanta samari suka fito da wani dogon akwati ja mai zanen zinariya, sun saɓa a kafaɗa. Na ce, "Kai, wannan lefe ya yi lefe." Daɗi ya kwashe ni, na manta a ƙasar mutane nake, na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Kun san guɗata, har yau ba wadda ta kamo ni a unguwa.

Asiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Rahima ta zuba mini ido, baki buɗe. A wayar kuma aka bi ta gefen gonar shinkafa da akwatin, aka tsaya bakin wani rami, aka zura shi da igiya. Iska ta ɗage mayafin amaryata, sai ga tsohuwa sa'ata, ta durƙusa tana damƙar ƙasa.

Na ce, "Asiya, me nake gani?"

Suka yi magana da Rahima ƙasa-ƙasa. Asiya ta ce, "Inna, janaza ce. Waɗannan ba Musulmi ba ne, su fari suke sawa in an yi mutuwa, kuma da kiɗa suke raka gawa. Wannan matar mamacin ce." Ta nuna Rahima. "Ta ce babanta ya rasu bara tana nan, ba ta samu zuwa ba. Su ba haka suke binnewa ba, irin namu suke yi. Amma hanyar gonar nan kamar ta garinsu ce, shi ya sa take kallo in abin ya taso mata."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kama hannun yarinyar nan ina ba ta haƙuri da Hausa. Ita kuwa ta dube ni, ta dubi wayar, ta toshe hancinta ta gwada yin guɗar, abin ya fito kamar kukan ɗan tsako. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Ni ma na fara dariyar. Na ce, "Asiya, faɗa mata kada ta ji haushi, ni ma haka aka yi mini. Mijina ya mutu aka zo mini barka." Ban ƙarasa ba dariyar ta juye. Abin da na haye sama na je nema a bakin katanga ban samu ba, ya zo mini a kan ledar ɗakin Hamisu, gaban waya da filas. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Na kira Malam da abin da nake kiransa in mu biyu ne. Rahima ta rungume ni tana nata, tana kiran nata uban, Asiya ta ajiye ludayi ta zauna ita ma. Shinkafa ta ƙone ranar, ba wadda ta tashi.

Da Hamisu ya dawo daga aiki ya tarar da idona kamar gauta, ya ce, "Inna, ai an kwana biyu da rasuwar nan." Na ce, "A wurinka. Ni yau aka yi mini ita." Ya zauna a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, can na ga kafaɗarsa na motsi. Ashe shi ma tun ranar da ya sa ubansa a rami, barka ake ta yi masa.

Ban san abin da Asiya ta faɗa wa matan unguwa ba. Washegari da hantsi sai ga su suna hawowa, wata 'yar Chadi mai sayar da turare, wasu biyu 'yan Nijar, da wata tsohuwa Bakana da ta manta shekarar da ta zo. Ba taro aka yi ba, zama ne kawai. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Na ce su yi wa Rahima ma, suka juya suka yi mata, tana amsawa da amin, wadda ita kam duk duniya ɗaya ce. Ta kawo kunun shinkafa da kifi irin nasu, Bakanuwar ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi, amma wa ya hana su gishiri da yaji?" Suka tambaye ni wane irin mutum ne, na ba su labarinsa har azahar, da faɗansa da rowar barkononsa da yadda bai taɓa cin kifin da ya kamo ba sai na fara ci.

Kafin na taho na sa Hamisu ya mayar da ni bakin katangar, da Rahima a gefena. Wannan karon ban tambayi wanne ne ba. Na yi sallama ga duk mutanen wurin, na ce Malam yana cikinku, ku yi haƙuri da shi, yana da mita amma ba shi da mugunta. Na faɗa masa komarsa na nan ban sayar ba. Hawaye ya zo da kansa, ba wanda ya ce mini kul.

A dawowa na'urar yatsu ta sake ƙina, tsanin nan mai tafiya kuwa na ce a nuna mini na gargajiya. Dabino da zamzam duk na raba muku, wadda ba ta samu ba ta tambayi Uwale inda nata kason ya kai biyu.

Saura abu ɗaya. Na san da alheri kuka yi mini barka, kuma har gobe ina cewa Malam ya yi dace. Amma ni na yi rashi. Shekarun da muka yi da mutumin nan sun fi waɗanda na yi a gidan ubana, yanzu kuma in na dafa abinci ba wanda zai ce gishiri ya yi yawa. Ina nan gida, tabarma a shimfiɗe. Duk wadda ta zo mini barka wancan karon, ta dawo ta yi mini gaisuwa. Mai wushirya ta fara zuwa.